Ajin girkin da ba nama ba ƙwai a Bauchi, yadda na same shi

Akwai wata baiwar Allah a can wajen Fadaman Mada da take koyar da girki a gidanta duk ranar Asabar, kuma girkin nata kaf ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara ko nono, ba man shanu, kai har zuma ba ta sakawa, irin tsarin cin nan na 'yan bigan. Na yi ajin nata har ƙarshe, na kuma sayi kayan da take haɗawa tana sayarwa, shi ne na ce bari in faɗi yadda na same shi tsakani da Allah, don na san akwai mata da yawa da likita ya ce su rage nama da maiƙo ko su rage wa maigida, akwai masu sha'awar abin kawai, akwai kuma waɗanda tsadar nama ce ta mayar da su haka ba shiri. Ba zan kama sunanta ba tunda ban nemi izininta ba, Malama dai muke ce mata.

Kafin wani ya fara min wa'azi, ba wanda ya haramta abin da Allah ya halatta, ita kanta Malama da bakinta ta ce gidanta ana yanka ragon layya kuma 'ya'yanta suna ci, ita ce dai ta zaɓi haka saboda lafiyarta. To mun gama da wannan.

Wurin tsakar gida ne da rumfar kwano, gas ɗaya, murhun gawayi biyu, tabarmi da 'yan kujerun roba. Kuɗin sau ɗaya ake biya kuma har da kayan girkin a ciki, ba ki zuwa da komai sai wuƙarki da robar da za ki zubo abin da aka dafa, kuma gaskiya kuɗin bai fi ƙarfin mai son koyo ba. Abin da ya fara burge ni shi ne ranar farko ba ta ɗora tukunya da wuri ba, sai ta ce kowacce ta lissafo abin da aka ci a gidanta cikin satin, aka fara, koko da ƙosai, ɗanwake, garau-garau da mai da yaji, kwaɗon zogale, faten tsaki, masa, dafaffen rogo da ƙuli, gurjiya, kunun gyaɗa, sai ta ce to ku nuna min naman a nan. Shiru. Ta ce kun gani ko, yawancin abincinmu dama can haka yake, aikin da ya rage guda biyu ne, miya, da kuma 'yan abubuwan da suke ɓuya a cikin girki ba a lura da su. A kan wannan ta gina ajin gaba ɗaya, kuma a ganina nan ne kuɗin mutum yake fita, domin sabon shiga abin da yake kayar da shi shi ne ya ɗauka sai ya nemo wasu kayan Turawa masu tsada kafin ya fara, alhali duk abin da yake buƙata yana kasuwar Muda Lawal ko Wunti.

Masu ɓuyan nan su ne man shanun da ake kwararawa a kan tuwo, garin busasshen kifi, romon ƙashi, ƙwan da ake tsoma awara a ciki kafin a soya, nonon da wasu suke zubawa a ƙullun masa, madarar gari a kunun gyaɗa, sai kuma dunƙulen miya, don wasu an rubuta a jikin takardarsu cewa akwai kaza ko kifi a ciki, sai ki karanta kafin ki saya.

Miya ce ta fi cin lokaci kuma ta cancanta. Duk wadda ta taɓa yin miyar kuka ba nama ba kifi ta san yadda take fitowa salam idan ba a iya ba. Dabarar Malama ita ce ba ta zuba komai a ruwa kai tsaye, sai ta soya albasa mai yawa a man gyaɗa ko manja a wuta kaɗan har ta yi ja ta yi laushi, sannan ta zuba dakakkiyar daddawar kalwa a cikin man ta soyu ita ma, nan fa ƙamshi yake tashi har maƙwabta, sannan citta, masoro, kanumfari kaɗan, tafarnuwa da barkono, sai a tsaida ruwa. Cikin ruwan take zuba surfaffen wake da aka ɗan daka shi ba lukwi ba, kamar rabin kofi ga tukunyar gida mai mutum shida, a bar shi ya dahu har ya narke, shi ne yake ba miyar jiki da gardin da romo yake bayarwa, sai a ƙarshe a kaɗa kuka a rage wuta a bar ta ta turaru. Maimakon man shanu sai ta soya albasa a ɗan man riɗi a zuba a kan tuwon. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama man shanu ba, bai zama ba, wanda ya saba zai gane, amma miyar ta yi daɗi a karan kanta kuma yara sun side kwano. Wannan tushen na albasa da daddawa da wake shi ake yi wa busasshiyar kuɓewa, shi ake yi wa karkashi, in kin iya shi kin iya miya uku ke nan.

Miyar taushe kuwa ita ce ta fi sauƙin rabuwa da nama a cikinsu duka, saboda kabewa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa sun riga sun cika ta. A dafa kabewar ta yi laushi a farfasa ta da ludayi, a soya kayan miya su tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a sa daddawa, a dama gyaɗar da ruwa a zuba, in ta dahu mai ya taso sai alayyahu da 'yar yakuwa don tsami, ganyen kuma a ƙarshe ake sa shi kar ya mutu a wuta. Da ita muka ci masa, kuma ku kun san mu 'yan Bauchi ba a yi mana wasa da masa, ina zaune ina jira in ga inda za ta gaza tunda ba nono, sai ga shi ta tashi fes da 'yan ramukanta. Shinkafar tuwo ce aka jiƙa ta kwana, aka dafa kaɗan daga ciki aka haɗa aka markaɗa da albasa, yis da ɗan suga, aka rufe a wuri mai ɗumi ya kumbura, da za a soya aka ɗan ɗiga ruwan kanwa don kashe tsami da gishiri kaɗan, tanda ta yi zafi sosai kafin a zuba. Da yawa daga masu masar sayarwa ma haka suke yi, ba kowa ke sa nono ba.

Yanzu awara, wadda ita ce dalilin zuwan yawancinmu, kuma wallahi ko don ita kaɗai ban yi asarar kuɗina ba. Waken suya yana da furotin sosai, sama da kashi 35 cikin 100 na busasshensa, ya ɗara farin wake da yake wajen kashi 23 zuwa 25, shi ya sa duk mai barin nama yake komawa kansa. Ga yadda ta koya mana: a tsince waken kofi huɗu a jiƙa kamar awa shida zuwa takwas, in lokacin zafi ne kar ya wuce haka don zai yi tsami, a wanke a kai markaɗe ya yi laushi sosai, a ɗiga manja kaɗan a cikin ƙullun saboda ya kwantar da kumfa ya yi saurin tacewa, a ƙara ruwa a tace da ƙyalle mai tsabta a matse har sai dusa ta rage. Ruwan nan fari shi ne madarar, a ɗora a babbar tukunya, na ce babba don in ya tafaso zuwa yake gaba ɗaya ya zube a murhu kina ji kina gani. In ya tafasa sai a rage wuta a riƙa zuba ruwan tsami a hankali ta gefe-gefe, ba a juyawa da ƙarfi, za ki ga ya fara dunƙulewa yana tasowa, ruwan ƙasa ya koma garai-garai mai ɗan rawaya, da kin ga haka ki tsaya, in kika ƙara sai ta yi tauri ta yi tsami. Ruwan tsamin nata na gasarar koko ne da ya kwana biyu, ta ce in babu a jiƙa tsamiya ko a matse lemon tsami, amma na tsamiya yana ɗan dusashe mata launi. Sai a kwashe a ƙyalle, a zuba jajjagen attaruhu da albasa da gishiri, a ɗaure a ɗora turmi ko dutse a kai ruwan ya tsane, in kina son mai laushi ta miya ki ɗaga da wuri, in ta suya ce ki bar ta ta daɗe.

Inda ta ƙara mana ilimi shi ne abin da za a yi da awarar bayan suya da yaji da kowa ya sani. Ta farfasa ta da hannu ta soya da albasa da tumatir da attaruhu da ɗan kurkum, ta fito kamar soyayyen ƙwai a ido, aka ci da burodi da doya. Ta yanka ƙanana ta soya suka yi ƙarau sannan ta jefa a miyar dage-dage suka sha romo, wannan a kan shinkafa ba a cewa komai. Ta kuma tsoma wasu a ƙullun fulawa mai ɗan yaji maimakon ƙwai. Dusar ma ba ta zubarwa, tana haɗa kaɗan a ƙullun ƙosai ko alala, saura a ba awaki. In kuma madarar sha kike so, kafin a sa tsami sai ki ɗebi naki daban ki bar shi ya tafasa sosai kamar minti 15 zuwa 20 kina juyawa, ta nanata wannan sosai kuma tana da gaskiya, ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da yake hana jiki narkar da furotin yana kuma ɓata ciki, wuta ce take kashe shi, ita ce kuma take rage ƙarnin wake. Da wannan madarar muka dama fura. Hmm. Ta shawu dai, amma ba tsamin nono, ni ban koma ba, na fi gane wa kunun gyaɗa da ruwan tsamiya ko kunun aya da dabino da kwakwa.

Ɗanwake da alala da ƙosai ba ta daɗe a kansu ba tunda kusan kowa ta iya, abin da ta gyara mana kawai shi ne yawan wake, ta ce ɗanwaken da yawancinmu muke yi na fulawa zalla da kuka suna ne kawai, ba waken a ciki, ga wadda ta bar nama kuwa waken shi ne magana, don haka garin wake ɗaya alabo ɗaya, kuka, ruwan kanwa daidai, a ci da soyayyen mai da yaji da kabeji da tumatir da 'yar awara a madadin dafaffen ƙwai. Alala kuma manja da albasa mai yawa da 'yar daddawa sun ishe ta. Faten acca da ta yi da yakuwa da gyaɗa da wake shi ma ya yi, accar daga wajen Tafawa Ɓalewa ake kawo mata, sai dai wankin tsakuwarta aiki ne, ba na ranar da kike sauri ba ne. Ta kuma yi bayanin abin da ya sa haɗin hatsi da wake yake riƙe mutum, abin da furotin ɗin hatsi ya gaza da shi wake yana da shi, wanda wake ya gaza da shi hatsi yana da shi, wato koko da ƙosai ko shinkafa da wake ba abincin rashi ba ne kamar yadda ake raina su.

To ga inda ban ji daɗi ba. Na farko lokaci, an ce ƙarfe goma amma wuta ba ta kamawa sai sha ɗaya ta wuce, ga mai yara da girkin rana a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane sun yi wa wurin yawa, murhu uku ga mata cike da rumfa, in ba ki da kutse sai dai ki yi kallo daga baya ana zuba ruwan tsami, alhali awara abu ne na hannu, sai kin zuba da kanki kin ga yadda take kamawa. Takardar da ta raba mana kuma duk awon da giram aka rubuta, don Allah mata nawa ne a Bauchi suke da sikeli a kicin, mu da muka saba da gwangwanin madara da kofi da mudu, sai da muka zauna muna tambayarta ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa a gefe.

Sai Asabar ɗin da aka ɓata a kan girkin ƙasashen waje, madarar almon, wani abu wai cuku na kashu, da su ots, wani hatsin Turawa, da aka jiƙa ya kwana. Kuɗin kashun da aka markaɗa a ranar zai sayi waken suyan da gida zai yi sati yana cin awara, kuma blandar gida ba ta niƙa shi ya yi laushi, ga shi sai da firji, mu da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ita da ta fara da cewa abincinmu ya isa, ban san me ya kai ta nan ba, ina jin don kar a ce ajin bai waye ba ne. Da ta ba mu miyar riɗi ko dambun zogale a ranar da ya fi mana amfani.

Babban abin da ban yarda da shi ba kuwa, kuma shi ne ya sa ban ce kowa ta rufe ido ta bi duk abin da aka faɗa ba, maganar bitamin B12 ce. Wata mai goyo ta tambaya ko akwai abin da jiki zai rasa, Malama ta ce ai in kina cin zogale da daddawa kin gama. Wannan ba haka ba ne. Zogale yana da amfaninsa ba musu, amma B12 daga nama da hanta da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, tsirrai ba abin dogaro ba ne a kansa. Babban mutum yana buƙatar wajen maikurogiram 2.4 a rana, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8, kaɗan ne ƙwarai amma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da kasala da mutuwar yatsun hannu da ƙafa, har ya taɓa jijiya, kuma mugun abin shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, sai mutum ya daɗe yana ganin lafiyarsa lau kafin abin ya bayyana. Jaririn da uwarsa ba ta da shi kuwa shi ya fi shiga haɗari don daga nononta yake samu. Ita kanta ƙungiyar 'yan bigan ta Ingila da aka kafa tun 1944 cewa take mabiyanta su sha ƙwayar B12 ko su ci abincin da aka ƙara masa shi. Ƙwayar tana nan a kemis. Wadda take cin kifi ko ƙwai ko nono jifa-jifa nata da sauƙi, amma wadda za ta bari gaba ɗaya, musamman mai ciki ko mai goyo ko za a sa yara a tsarin, ta fara ganin likita. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin su ma su tambaya, don maganin kansa yana rage B12 a jiki, haka mai ciwon ƙoda kar ya dage da wake da awara sai da shawarar asibiti. Na same ta a gefe bayan an tashi na ce Malama don Allah ki sake bincika wannan, ta karɓa da fara'a ta ce za ta duba, Allah ya sa ta gyara wa 'yan baya.

A ɓangaren ƙarin jini kuwa bayaninta daidai ne, wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe amma jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama, sai a haɗa da abu mai bitamin C irin lemo, gwaiba, tumatir ɗanye ko matsin lemon tsami a kan kwaɗo, a kuma daina kora abinci da shayi nan take don yana hana jiki ɗaukar sinadarin, a bari a ɗan jima.

Kayan da take sayarwa na ɗauki garin ɗanwake, daddawa, yajin ƙuli da garin kunun gyaɗa. Daddawar ta fi duka, ta kalwa ce zalla ba gauraye, busasshiya ba yashi, kaɗan kike sawa ta ɗauki tukunya, wannan zan ci gaba da saya. Yajin ƙulin yana da daɗi a kan masa da awara amma gishiri ya yi masa yawa, wanda hawan jini ya sa shi barin nama ya yi hankali da shi. Garin ɗanwaken kanwa ta ɗan zarce, yana fitowa da duhu da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, sai na riƙa ƙara masa alabo, kuma yawan kanwa dama ba alheri ba ne, tana kashe wasu bitamin na cikin wake. Garin kunun ba laifi, sai dai ba ya jure ajiya saboda man gyaɗar, ki sayi kaɗan. Ba ko ɗaya da aka rubuta ranar haɗi a ledarsa, sai kin tambaya.

In za ki je, ki je da wuri ki kama wuri kusa da murhu, ki tafi da gwangwaninki na awo ki sa ta auna miki a gabanki, ki kuma roƙe ta ta bar ki ki zuba ruwan tsamin awara da hannunki. In kuma kin yi awarar a gida ba wuta, ki soya ta duka a ranar, ko ki tafasa yankakkun a ruwan gishiri ki bar su a ciki, washegari ki sake tafasawa kafin ki yi amfani da su, a zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu ɗanyar awara ba ta kwana a waje, da safe za ki tarar ta yi yauƙi sai zubarwa.